Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Ina Hurumin Kotu Ya Tsaya?

A wannan makon filin namu zai leƙa wata muhawara da masana shari'a suka daɗe suna yi, wadda mai karatu zai iya ɗauka ta yi masa nisa, alhali tana taɓa aljihunsa da mutuncin ƙasarsa. Tambayar ita ce: idan an cuci mutum a wata ƙasa, da hannun wani kamfani na wata ƙasa, da kuɗin da suka ratsa ta ƙasa ta uku, alƙalin ina ke da hurumin sauraron kukansa? Kuɗi a yau ba su san kan iyaka ba. Cikin ƙiftawar ido suke tashi daga Legas su sauka Landan, su wuce New York. Shi kuwa alƙali, ikonsa daga ƙasarsa ya samo shi, kuma bisa al'ada inda tutar ƙasar ta tsaya nan sandarsa ke tsayawa.

Babu ƙasar da ta gwada miƙa wannan sanda waje kamar Amurka, don haka daga can zan ɗauko misalin da zan gina maganata a kai. A shekarar 1998 wani babban banki na ƙasar Ostareliya, National Australia Bank, ya sayi wani kamfani mai suna HomeSide a jihar Filorida ta Amurka. Sana'ar kamfanin ita ce karɓar biyan bashin gidaje a madadin masu ba da rance, ana biyansa lada. Shekaru uku bankin yana shelanta wa masu hannun jari cewa wannan sabon reshe nasa yana kawo riba. A watan Yulin 2001 sai bankin ya sanar da rage dala miliyan 450 daga darajar kadarorin reshen, a watan Satumba kuma ya sake rage dala biliyan 1.75. Farashin hannun jarin bankin ya faɗi. Wasu 'yan Ostareliya da suka sayi hannun jarin a kasuwar ƙasarsu suka yi zargin cewa shugabannin reshen na Filorida da gangan suka kumbura lissafi. Maimakon su kai ƙara gida, sai suka tsallaka teku suka shigar da ita a wata kotun tarayya a New York.

Me ya kai su can? Abubuwa da dama. A Amurka mutum ƙalilan kan iya shigar da ƙara a madadin dubbai da abu ɗaya ya shafa, wato sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Lauya kan ɗauki shari'a ba tare da an biya shi ko sisi ba, sai an yi nasara ya yanki kasonsa. Wanda ya sha kaye kuma galibi ba a tilasta masa biyan kuɗin lauyan abokin shari'arsa, saɓanin yadda ake yi a Ingila. Sannan kotu kan tilasta wa kamfani ya fito da takardunsa na cikin gida, waɗanda a wata ƙasar ba za a taɓa ganinsu ba. Dokar da suka dogara da ita ita ce dokar cinikin hannayen jari ta 1934, musamman sashe na 10, wanda ya haramta yaudara a saye da sayarwa. An yi dokar ne bayan rugujewar kasuwar New York ta 1929, kuma sashen bai faɗi ko ya shafi cinikin da aka ƙulla a wajen Amurka ba.

Wannan shirun ne alƙalai suka yi ta cikewa kusan shekaru arba'in. Kotun ɗaukaka ƙara da ke zama a New York, inda mai shari'a Henry Friendly ya yi suna, ta shimfiɗa ma'auni biyu. Na farko, idan an ƙulla wani muhimmin ɓangare na yaudarar a cikin Amurka, kotun Amurka na da hurumi, ko da waɗanda aka cuta baƙi ne. Na biyu, idan an yi yaudarar a waje amma illarta ta faɗo kan Amurkawa ko kasuwarsu, nan ma akwai hurumi. Ta wannan ƙofa aka riƙa shigo da ƙararrakin da lauyoyi suka yi wa laƙabi da baƙunci uku: mai ƙara baƙo, kamfani baƙo, kasuwa baƙuwa.

Ranar 24 ga watan Yunin 2010 Kotun Ƙolin Amurka ta rufe ƙofar, a hukuncin da aka sani da sunan Morrison. Mai shari'a Antonin Scalia ne ya rubuta shi. Hujjarsa ita ce akwai tsohuwar ƙa'ida da ke cewa duk dokar da majalisa ba ta bayyana ƙarara cewa ta ƙetare iyaka ba, to a cikin gida kaɗai take aiki. Ya ce abin dubawa shi ne inda aka yi cinikin. Idan hannun jarin yana cikin jerin kasuwar Amurka, ko kuma a cikin Amurka aka ƙulla saye da sayarwar, doka ta hau. Idan ba haka ba, ko da a Filorida aka dafa ƙaryar, wanda ya ci ta a Sidni sai ya nemi magani a Sidni. Wani abin ban dariya shi ne Morrison ɗin da shari'ar ke ɗauke da sunansa Ba'amurke ne, kuma tun a kotun farko aka sallami tasa ƙarar domin bai nuna asarar da ya yi ba, sunan kawai ya rage.

Dole a yi wa wannan hukunci adalci, domin yana da hujja mai nauyi. Gwamnatocin Birtaniya da Faransa da Ostareliya duk sun aika wa kotun da ra'ayinsu a rubuce, suna ƙorafin cewa kotunan Amurka na shiga musu gona. Kowace ƙasa ta zaɓi yadda za ta tsare kasuwarta: wata ta fi dogara da hukumar gwamnati, wata ta taƙaita ƙarar taron dangi don kada lauyoyi su mayar da kamfanoni saniyar tatsa. Idan alƙalin New York zai yanke hukunci kan cinikin da Bafaranshe ya yi da Bafaranshe a Paris, to majalisar Faransa ta zama 'yar kallo a gidanta. Mu ma da muke yawan maganar 'yancin kai, ba za mu so a ce wasu mutum goma sha biyu da aka zaɓo daga titunan Manhattan su ne za su tsara yadda za a yi ciniki a kasuwar Legas ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai ko a cikin kotun an sami mai jan hankali. Mai shari'a John Paul Stevens ya yarda a kori wannan ƙara, amma bai yarda da sabon ma'aunin ba. Ya kawo misalin kamfanin da hannun jarinsa ke kasuwar waje kaɗai, wanda shugabannin reshensa na New York suka shirya zamba, suka bi gida-gida suka yaudari wata tsohuwa 'yar fansho ta zuba duk abin da ta tara. A bisa sabon ma'auni, in ji shi, wannan tsohuwa Ba'amurkiya ba ta da damar kai ƙara ƙarƙashin dokar ƙasarta. Ba a daɗe ba aka ga tasirin hukuncin a aikace. A watan Janairun 2010 masu taya alƙali yanke hukunci a New York sun sami kamfanin Vivendi na Faransa da laifin yaudarar masu hannun jari. Bayan Morrison sai alƙali ya cire duk waɗanda suka saya a kasuwar Paris, har da Amurkawan cikinsu, mafi yawan ƙarar ta rushe.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Petrobras, kamfanin mai na gwamnatin Barazil, wanda badaƙalar cin hanci ta fallasa tun daga 2014. A farkon 2018 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.95 don kashe ƙarar da aka kai shi a New York. Waɗanda suka ci moriyar su ne waɗanda suka sayi takardun kamfanin a Amurka. Ɗan Barazil da ya sayi hannun jarin kamfanin ƙasarsa a birnin Sao Paulo, wanda ƙarya guda ta cuta a rana guda, an mayar da shi gida, inda tsarin kamfanin ya ce sai dai ya je gaban masu sasanci. Kuma tun da daga asusun kamfanin aka biya diyyar, shi da ke riƙe da hannun jari har da kasonsa aka biya baƙi.

Yanzu ga inda nake son mai karatu ya natsu. Ƙasa da wata guda bayan hukuncin Morrison, ranar 21 ga Yulin 2010, shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar Dodd-Frank. A cikinta akwai wani sashe da ya ba kotunan Amurka hurumin sauraron ƙarar yaudarar da ta ƙetare iyaka, bisa tsofaffin ma'aunan nan biyu, matuƙar hukumar kula da hannayen jari ko ma'aikatar shari'a ce ta shigar da ita. Majalisa ba ta mayar wa ɗaiɗaikun mutane wannan dama ba, nazari kawai ta ce a yi a kai. Ma'ana, an gajarta hannun wanda aka cuta, an bar na gwamnati da tsawonsa.

Mu 'yan Najeriya mun ga wannan dogon hannu da idonmu. A 1977 Amurka ta yi dokar hana ba jami'an ƙasashen waje cin hanci, wadda aka saka wani ɓangare nata a cikin dokar 1934 ɗin nan. Dokar tana hawa kan kamfanonin Amurka, tana kuma hawa kan duk kamfanin waje da ya kai hannun jarinsa kasuwar Amurka. Da ita aka kama gamayyar kamfanoni huɗu, na Amurka da Faransa da Italiya da Japan, da suka sami kwangilolin fiye da dala biliyan 6 na gina masana'antar iskar gas a tsibirin Bonny, bayan an tura kimanin dala miliyan 180 ta hannun dillalai don sayen jami'an Najeriya tsakanin 1995 da 2004. A 2009 kamfanonin KBR da Halliburton suka amince su biya dala miliyan 579. Sauran ukun suka biyo baya, har jimillar abin da Amurka ta karɓa daga kamfanonin huɗu ta kai kimanin dala biliyan 1.5. Abin da Halliburton ya amince ya biya Najeriya a ƙarshen 2010 kuwa, dala miliyan 35 ne. A ƙasarmu aka yi ɓarnar, jami'anmu aka saya, dukiyarmu aka yi ciniki a kanta, amma baitulmalin Washington ne ya kwashi tara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na cewa Amurka ta yi laifi da ta hukunta su. Ba don binciken da aka yi a Faransa da Amurka ba, da wataƙila har yau maganar tana cikin jita-jita. Abin da nake cewa shi ne ta yi hakan ne don tsare mutuncin kasuwarta da muradunta, ba don ta share mana hawaye ba. Haka ta yi wa bankin BNP Paribas na Faransa a 2014, inda ya amsa laifi ya biya kusan dala biliyan 9 saboda mu'amala da Sudan da Iran da Kuba, waɗanda Amurka ta sa wa takunkumi. Igiyar da aka ɗaure shi da ita ita ce dala: galibin manyan hada-hadar dala sai sun ratsa ta bankunan New York, kuma da zarar sun ratsa, Amurka ta ce an taka ƙasarta. Taɓawar da ba ta isa ta buɗe wa mai hannun jarin Sidni ƙofa ba, ƙasa da ita ta isa ta ba mai gabatar da ƙara na gwamnati hurumi.

Ƙa'idar Morrison ba ta tsaya a kasuwar hannun jari ba. Akwai wata tsohuwar doka ta 1789 da ta ba baƙi damar kai ƙara a Amurka kan keta dokokin ƙasa da ƙasa. Da ita Esther Kiobel, matar Dokta Barinem Kiobel wanda gwamnatin Janar Abacha ta rataye tare da Ken Saro-Wiwa a watan Nuwamban 1995, ta kai ƙarar kamfanin Shell tare da wasu 'yan ƙabilar Ogoni, bisa zargin haɗa baki da sojoji, zargin da kamfanin ya musanta. A watan Afrilun 2013 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar, ta ce duk abin da ake zargi a Najeriya ya faru, kuma kasancewar kamfani na da ofis a Amurka bai wadatar ba. A 2018 ta ƙara da cewa ba za a iya kai kamfanin waje ƙara da wannan doka ba kwata-kwata. A 2021 kuma ta kori ƙarar wasu 'yan Mali da suka ce an bautar da su suna yara a gonakin koko na Kwaddebuwa.

Wani zai ce ai in Amurka ta rufe, Turai ta buɗe. Akwai gaskiya a ciki. A 2019 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yarda wasu ƙauyawan Zambiya su kai ƙarar kamfanin haƙar ma'adinai na Vedanta a Landan. A watan Fabrairun 2021 ta yarda al'ummomin Ogale da Bille na jihar Ribas su ci gaba da ƙarar uwar kamfanin Shell a can. A watan Janairun 2021 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Hague a ƙasar Holan ta ɗora wa reshen Shell na Najeriya alhakin malalar mai a wasu ƙauyukan Neja Delta. Amma a duba tsawon tafiyar. Shari'ar Holan an fara ta a 2008, aka shekara goma sha uku kafin wannan hukunci, wasu daga cikin manoman da suka shigar da ita sun rasu ba su gan shi ba. Ta Ogale da Bille kuwa, shekaru aka kwashe ana jayayya kan tambaya guda: a saurare su ko kada a saurare su. Kuma ƙofar da alƙalan wata ƙasa suka buɗe yau, majalisarsu ko magadansu na iya rufe ta gobe ba tare da sun nemi shawararmu ba.

Mutanen Kano suna da nasu darasin. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, ba maganin ba. Iyalai sun kai ƙara New York a 2001, aka yi ta korarta ana dawo da ita, sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce za a iya saurarenta. A 2007 gwamnatin jihar Kano ta shigar da nata ƙararrakin a kotun gida, kuma cikin shekaru biyu aka kai ga sulhun dala miliyan 75. Ana iya jayayya kan ko kuɗin sun isa, da yadda aka raba su. Amma labarin ya nuna cewa kotun gida, idan hukuma ta tsaya mata da gaske, ba abar rainawa ba ce.

To, me wannan ke nufi ga mai karatu? Na farko, ga matasanmu da yanzu ke sayen hannun jari ta wayar salula: kariyar da kake da ita tana bin kasuwar da ka saya, ba fasfon da kake riƙe da shi ba. Bakano da ya sayi hannun jarin Jumia a kasuwar New York, inda aka shigar da kamfanin a 2019, yana ƙarƙashin inuwar dokar Amurka kamar kowane Ba'amurke. Wanda ya sayi na Seplat ko Airtel Africa, waɗanda ke kasuwannin Legas da Landan a lokaci guda, ya kamata ya san a wacce ya saya. Ya kuma tambayi dillalinsa da sunan wa aka rubuta hannun jarin, da kotun da yarjejeniyarsu ta ambata idan rigima ta tashi. Wanda kuwa ya zuba kuɗinsa a wata harka ta intanet da ba ta da rajista a ko'ina, kamar yadda dubbai suka yi a MMM kafin ta daskare a watan Disambar 2016, ya sani babu alƙalin da zai kama masa iska.

Na biyu, ga hukumominmu. Muna da hukumar kula da hannayen jari, muna da kotu ta musamman ta sauraron rigingimun zuba jari, kuma a 2025 an sa hannu a kan sabuwar dokar zuba jari da ta maye gurbin ta 2007. Takarda ba ta yi mana ƙaranci ba. Lokacin da aka gano a 2006 cewa an kumbura lissafin kamfanin Cadbury na Najeriya da fiye da naira biliyan 13, hukumar ta ci tara, ta haramta wa wasu shugabannin kamfanin riƙe irin wannan muƙami. Tambayar da ta fi damun mai hannun jari ita ce ta wace hanya shi zai maido da asararsa, cikin shekara nawa, da kuɗin lauya nawa. A ganina abubuwa uku ne ke gabanmu: a sauƙaƙa wa ƙananan masu hannun jari hanyar haɗuwa su shigar da ƙara guda, a ƙayyade wa'adin kammala irin waɗannan shari'u, sannan duk lokacin da wata ƙasa ta buɗe binciken cin hancin da aka yi a nan, ma'aikatar shari'armu ta shiga tun farko da nata binciken da hujjojinta, domin a zauna da ita ranar rabon tara. Barazil ta yi haka a shari'ar kamfanin Odebrecht a 2016, kuma ita ta karɓi kaso mafi tsoka, Amurka da Suwizalan suka raba ragowar.

Dokar ƙasa tana ƙetare iyaka ne gwargwadon abin da ƙasar ke riƙe da shi wanda wasu ke buƙata. Amurka tana da dala da kasuwar da kowa ke son shiga, shi ya sa sammacinta ke isa Paris da Tokyo. Mu ma muna da abin da ake zuwa nema: mai da iskar gas da jama'a fiye da miliyan 200 masu saye. Duk kamfanin da ke cin abinci a nan yana da kadara a nan, kuma kadarar tana ƙarƙashin alƙalinmu. Abin da ya rage shi ne alƙalin ya zama wanda mai ƙara zai amince da shi, wanda ake ƙara kuma ya ji tsoronsa. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma mai shi na iya karɓe abinsa a tsakiyar kasuwa, kamar yadda aka yi wa masu hannun jarin Ostareliya a 2010 da 'yan Ogoni a 2013.

Allah Ya ba mu shugabanni da alƙalai masu tsoronSa. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.